Ubana Ya Wuni a Benci, Yau Uwarsa Ke Neman Gado

Zuwa ga Gwaggo Yelwa,

Assalamu alaikum. Gwaggo, don Allah ki taimake ni ki karanta wasiƙar nan har ƙarshe ko da ta yi miki tsawo. Abin da ke raina ya kai inda ba na iya faɗarsa a gida, don da na buɗe baki sai a fara mini wa'azi, ni kuwa na ƙoshi da wa'azi. So nake mai hankali ya saurare ni, ya gaya mini ko abin da na shirya yi laifi ne, domin na juya shi ta kowace fuska ban ga laifinsa ba. Kuma ba ni da lokaci mai yawa, za ki ga dalili a gaba.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a nan cikin Bauchi. Ba zan faɗi sunansa ba, sunayen mutanen da zan ambata ma duk na canza su. Asalina 'yar Zungur ce, aure da aiki suka kawo ni gari, muna zaune a Fadaman Mada da maigidana da yaranmu. Tun bara aka ɗora mini aiki biyu. Ni ke kula da kwantar da marasa lafiya a ɗakin maza da ɗakin mata, wato wa zai sami gado, wa zai jira. Kuma ni ke tsara rosta, jadawalin da ke nuna wa zai yi aikin safe, wa zai yi na yamma, wa zai kwana, wa zai huta. Wanda bai san asibiti ba zai ɗauka aikin biro ne kawai. Mu da ke ciki mun san mai riƙe da rosta ita ke riƙe da barcin mutane da bukukuwansu da Sallarsu.

Akwai wata al'ada a asibitinmu da ya kamata ki sani, in ba haka ba labarin ba zai zauna miki ba. A kowane ɗaki akwai gado ɗaya kusa da teburin nas da muke kira gadon gida. Ba a rubuta shi a kowace doka ba, mun dai tarar ana yi. Duk cikar da ɗaki zai yi, ana ƙoƙarin barin wannan gado babu kowa, saboda in uwar ma'aikaci ko ubansa ko ɗansa ya faɗi ciwo, kada wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana jinyar 'ya'yan wasu ya rasa inda zai kwantar da nasa. Masu shara sun ci moriyarsa, masu gadi sun ci, direban motar asibiti ya kwantar da surukarsa a kai. Ni kaina na yi jinyar iyayen abokan aiki a gadon nan ban san iyaka ba, na juya su, na wanke su, na ɗauka kamar iyayena ne.

Shekara uku ke nan, lokacin wani mutum da zan kira Ashiru shi ke riƙon ƙwaryar wannan kujera da nake kai yanzu. Ɗan Ƙofar Wambai ne, irin 'yan cikin garin nan da in ka ce daga ƙauye kake sai sun sake kallon takalminka. A damunar shekarar mahaifina ya fara fama da hawan jini, yau lafiya gobe jiri. Da aka ce za a tura wasu aikin rigakafi ƙauyukan da ke nesa, na je na sami Ashiru na roƙe shi ya bar ni a gari, na gaya masa halin da tsohona ke ciki. Ya ce kowa ma yana da tsoho, ya sa sunana. Na tafi, don aiki ne, kuma inda aka kai mu sai ka hau tudu kafin waya ta shiga.

Ranar Juma'a da hantsi mahaifina ya faɗi a gona. Ɓarin jikinsa ya saki, bakinsa ya karkace, amma yana magana, yana gane mutane. Ƙanena Sabitu ya ɗauko shi a motar kasuwa ya kawo shi asibitinmu kai tsaye, yana tafe da ƙwarin gwiwa, don ya san yayarsa a nan take aiki, kuma ni da bakina na sha gaya musu cewa mu muna da gadonmu. Ya nemi Ashiru ya faɗi wane ne shi, ya ce mahaifin wance ne ga shi nan a waje. Ashiru bai tashi daga kujerarsa ba. Bai leƙo ya ga tsohon ba. Abin da ya ce, Sabitu ya maimaita mini shi har na haddace: "Ba mu ajiye gado da sunan kowa ba. Ku jira a benci."

Suka jira. Mahaifina ladan ne, Gwaggo, mutumin da tun ina yarinya ban taɓa ganin kansa babu hula ba. Aka ɗora shi a bencin baranda, Sabitu yana tallafe da shi don kada ya zame, mutane suna wucewa. Aka tafi masallaci aka dawo suna nan. Wajen la'asar fitsari ya kuɓuce masa a zaune, ya bi ta ƙasan benci ya gangara har tsakiyar baranda, wata mata ta janye ɗanta tana toshe hanci. Sabitu ya ce tsohon hannun da ke motsi kawai ya sa ya jawo hularsa ya rufe fuskarsa. Bayan haka ne aka rubuta musu takarda zuwa babban asibiti, suka ɗauke shi a keke napep da jiƙaƙƙen wando. Kafin saƙo ya same ni in sami mota in iso, ya daina magana. Ranar Lahadi ya cika.

Kada ki ce mini kwanansa ne ya ƙare, na sani. Ni nas ce, na san irin wannan faɗuwar ko a kan gadon zinariya aka ɗora mutum, in ta zo da ƙarfi ta zo ke nan. Ba mutuwarsa nake tuhumar Ashiru da ita ba. Hular nan ce ba ta barina barci. Duk sanda na bi ta barandar nan, kuma a rana ina bi ya fi a ƙirga, sai na ga bencin, har yau ba a canza shi ba.

Daga baya na binciki wanda aka ba gadon gida a ranar. Wani tela ne, maƙwabcin su Ashiru a Ƙofar Wambai, wai sukarinsa ya hau an kawo shi ba ya cikin hayyacinsa, jim kaɗan kafin zuwan su Sabitu. To, an ce haka ne. Amma ki gaya mini, da telan nan daga Zungur ya fito, da an ɗora shi a gadon gida da wannan saurin? Mako guda ya yi ya tashi ya koma kan kekensa. Ina ganinsa wani lokaci a kasuwar Wunti yana sayen zare, ƙato da shi, har gaishe ni yake yi.

Zaman makoki abokan aiki sun yi mini kara, ba zan ci amanarsu ba. Kiristocinmu da Musulminmu mota guda suka cika suka je har Zungur cikin taɓo. Ashiru bai je ba. Bai kira ba. Sai rana ta uku ga wata tsohuwa ta sauko daga bayan acaɓa da kwanon masa a ɗaure cikin ɗankwali, zaninta duk laka, wai ita ce uwar Ashiru. Ki ji rashin kunya, mutum ya yi ɓarna ya ɓuya a bayan tsohuwa. Ni ko gaisuwarta ban amsa da kyau ba, na tashi na shige ɗaki. Ita kuwa ta sami wuri kusa da mahaifiyata ta zauna tun hantsi har bayan la'asar tana jan carbi, ban san me suka tattauna ba, ban kuma tambaya ba. Da na koma aiki ya tare ni a hanya ya ce ya haƙuri, kamar yadda za ka ce wa wanda akuyarsa ta ɓata. Daga nan bai sake tayar da maganar ba har yau.

Na haɗiye. Na yi aiki a ƙarƙashinsa ina ce masa ranka ya daɗe, na koma karatu, na dawo. Allah da ikonsa aka sami sabon shugaban asibiti, aka duba takardun kowa, aka ga mai riƙon ƙwarya ba shi da abin da zai riƙe kujerar da shi. Aka mayar da shi ɗakin maza, aka ba ni wurinsa. Ranar da na zauna a kujerar nan na ɗauki biro, wallahi sai da na ji wani sanyi ya ratsa ni tun daga ƙafa.

Ba zan ɓoye miki ba, na ɗanɗana masa. Aikin kwana in ya zagayo kan kowa sau ɗaya, kansa sai ya zagayo sau biyu. Asabar da Lahadi ya manta kamanninsu. Mu a asibitinmu akwai fahimta tsakaninmu, Kiristoci su riƙe mana aiki ranar Sallah, mu mu riƙe musu Kirsimeti da Ista, kowa ya ci bikinsa cikin iyalinsa. Bana Sallah ƙarama da babba duk a ɗakin maza Ashiru ya yi su, alhali abokin aikinmu Andrawus, Kirista, ya zo da kansa ya ce a sa shi a madadinsa. Na ce an riga an buga. Da matarsa ta haihu ya nemi hutun ranar suna, na ce kowa ma yana da jariri. Na ga ya sha jinin jikinsa da ya ji kalmar, ya san inda na samo ta. Kuma duk abin nan babu inda na taka doka, awowinsa ba su wuce abin da aka yarda ba, sai dai na san inda zan ajiye su su yi ciwo.

Abin haushin, bai taɓa kai ƙarata ba. Ya duba rosta a jikin allo, ya gyaɗa kai, ya wuce. Ya rame, idanunsa sun faɗa, rannan har an ce an same shi yana gyangyaɗi a tsaye yana haɗa ƙarin ruwa. Na zaci zan ji daɗi, na kuwa ji, amma daɗin ba ya kai ni gida. Kafin in sauka a Fadaman Mada ya gushe, bencin ya dawo.

To ga abin da ya sa na rubuto. Tsohuwar nan, uwarsa, ciwon zuciya ya kama ta. Ƙafafunta sun kumbura, numfashi yana yi mata wuya in ta kwanta. Likita ya ɗora ta a kan magani, ya ce in nan da mako biyu kumburin bai sauka ba, dole a kwantar da ita. Na duba katinta, na san ba zai sauka ba. Damuna ce, zazzaɓi ya cika mana ɗakin mata har ana shimfiɗa katifa a ƙasa, babu gadon da ya rage sai gadon gida. Shekaranjiya Ashiru ya zo ofishina. Mutumin da bai iya tashi daga kujera don ubana ba, ya tsaya a bakin ƙofa hannu a baya yana ce mini ranki ya daɗe, wai yana neman alfarma in an kawo Hajiya a taimaka mata da gadon gida. Na ce masa Allah ya kai mu.

Ga shirina. Sabon shugabanmu tun zuwansa ba ya son al'adar gadon gida, ya ce ba daidai ba ne a bar gado babu kowa talaka yana kwance a ƙasa, ya kuma bar mini wuƙa da nama in soke ta duk ranar da na ga dama. Ban soke ba, na ajiye. Yanzu so nake in sanar da sokewar a taron safe ana gobe za a kawo ta, in ɗora wata daga cikin na ƙasa a gadon, wadda ta cancanta kuwa, babu wanda zai ce ba ta cancanta ba. In sun iso, in fito da kaina, in dube shi a gaban mutane in ce ba mu ajiye gado da sunan kowa ba, su jira a benci. Bencin nan dai. Ba na fatan ta mutu, Allah ya sani. So nake ya zauna ya tallafe ta, mutane suna wucewa, ya ji abin da Sabitu ya ji, ko na wuni ɗaya ne.

Aminiyata Jemima, wadda muka fara aiki tare, ita kaɗai na gaya wa. Ta ce in na yi haka ba za ta sake cin abinci kwano ɗaya da ni ba. Maigidana bai san shirin ba, amma ya ga alama, kullum sai ya ce in bar wa Allah. Ni kuma na ce ai Allah ne ya ɗauko kujerar ya ba ni, ban yi kamun ƙafa ba, ban kai gulmar kowa ba. Me ya sa lokacin da aka yi mana babu wanda ya ce a ji tsoron Allah, sai yanzu da biro ya dawo hannuna kowa ya zama malami? Kuma sokewar nan gaskiya ce, shugaba yana so, talakawa za su amfana. In abu daidai ne, don na yi shi a ranar da zai yi wa maƙiyina ciwo sai ya zama zunubi?

Gwaggo, ki ba ni amsa kafin mako biyun nan su cika. In kin ce in fasa, ki gaya mini abin da zan yi da hular nan, don ni na rasa inda zan ajiye ta.

Taki,
'Yar Ladan, Bauchi.

AMSAR GWAGGO YELWA

Wa alaikumus salam, 'yata. Na tsallake wasiƙun da ke gabanki na ɗauko taki saboda lokacin da kika ambata. Allah ya jiƙan mahaifinki, ya sa kiran sallar da ya yi ya zame masa haske. Na karanta maganar hular nan sai da na ajiye takardar na ɗan tashi. Ba zan ce miki ki manta ba, ba a manta irin wannan.

Bari in fara ba ki gaskiyarki. Ashiru ya yi miki laifi, kuma babba. Ma'aikacin jinya da aka ce masa ga tsoho a waje ɓarin jikinsa ya saki, bai tashi ya duba ba, ya gaza a aikinsa ko da tsohon ba uban kowa ba ne. In babu gado, akwai gadon turawa, akwai labule, akwai tasar fitsari, akwai a rubuta takardar babban asibiti tun da hantsi maimakon bayan la'asar. Duk waɗannan suna hannunsa bai yi ba. Sannan ya kasa zuwa ya dube ki ya ce na yi kuskure. Duk wanda ya ce miki ba a yi miki komai ba, bai yi miki adalci ba.

Amma maganar gadon kansa, ki sake karanta abin da kika rubuta. Kin ce telan an kawo shi ba ya cikin hayyacinsa, kuma ya riga su Sabitu isowa. Ke ce mai kwantar da marasa lafiya yanzu. In yau aka kawo miki wanda ya suma kika ɗora shi a gado, bayan nan wani ya iso yana magana, za ki sauke na farkon? Mai yiwuwa maƙwabtaka ta sa Ashiru ya yi sauri, ni da ke ba mu shiga zuciyarsa ba. Abin da muka sani shi ne mutumin ya shigo a sume ya fita da ƙafarsa. Ki riƙe Ashiru da laifin da ya yi, ya ishe shi nauyi, ba sai kin ƙara masa da wanda ba ki da tabbas a kansa ba.

Batun rosta kuwa, ki daina daga wannan watan. Kin ce ba ki taka doka ba, na yarda. Amma ke da bakinki kika ce an same shi yana gyangyaɗi yana haɗa ƙarin ruwa. Ruwan nan a jikin wa za a sa shi? A jikin uban wani, wanda bai san ki ba, bai san Zungur ba. Ranar da hannun Ashiru ya kuskure saboda rashin barci, shi za a tuhuma, amma ke kin san wanda ya tsara barcin nasa. Kuma fahimtar nan da ke tsakaninku ta Sallah da Kirsimeti, ki riƙe ta da hannu biyu. A garin nan ba ƙaramin abu ba ne a sami wurin da Andrawus zai zo da ƙafarsa ya ce a sa shi aiki don Ashiru ya je idi. In kika fara ɓalle ta don mutum ɗaya, gobe wani zai ɓalle ta don wani dalili da ya fi naki muni. Ki raba aikin kwana da na ƙarshen mako daidai wa daida, ki riƙa ba Jemima ta duba kafin ki liƙa. Mace ce da ta iya gaya miki abin da ba kya so, irin ta ake ba wannan aikin.

Yanzu tambayarki, ko abin da yake daidai yana zama laifi saboda ranar da aka yi shi. Ni ma ina ganin shugabanku yana da gaskiya, gado ba ya zama babu kowa alhali mutum yana kwance a ƙasa. Amma 'yata, tun bara izinin nan yake hannunki. Matan da ke kan katifa a ƙasa ba jiya suka fara kwanciya a nan ba, kina tsallake su kullum gadon yana nan a shimfiɗe. In don su ne, da tuni kin soke. Kin ajiye shi ne kina jiran wannan rana, kuma duk wanda ke asibitin zai gane haka kafin a tashi daga taron safe. Daga ranar, kowane gado kika hana, ko da gaskiyarki, za a ce wa take rama wa kuma. Kujerar da kika samu da karatunki za ta koma abin tsoro, ba abin girmamawa ba.

Ga abin da nake ba ki shawara. Ki zare hannunki daga maganar tsohuwar nan gaba ɗaya. Ki gaya wa likitan da ke duba ta da shugabar ɗakin mata cewa su yanke, bisa ga wanda ciwonsa ya fi tsanani a ranar, kamar yadda ya kamata a yi wa kowa. In ita ce, a ba ta gadon. In akwai wadda ta fi ta, a ba wa waccan, ita kuma a nema mata wuri mai sutura a kwantar da ita har gado ya samu, kada ta ga bencin nan ko na minti ɗaya. Bayan an sallame ta, ki kai maganar soke gadon gida gaban ma'aikata duka, a tattauna, a sa rana, kowa ya san da zuwanta. Kuma ki haɗa da wata doka da ke hannunki tun yau: duk wanda aka kawo ba ya iya tsayuwa, nas ta fita ta duba shi nan take, a ɗora shi a gadon turawa, a ja masa labule, ko ɗan wane ne. Ki sa a ɗauke bencin nan daga barandar. Kin tambaye ni inda za ki ajiye hular mahaifinki. A nan za ki ajiye ta, inda ba za a sake samun tsohon da zai rufe fuskarsa a asibitinku ba.

Shi kuma Ashiru, ki daina yi masa magana da biro. Ki kira shi, ki sa Jemima ta zauna, ki gaya masa abin da ya faru a barandar nan tun daga hantsi har la'asar, kada ki rage komai. Mai yiwuwa bai san ƙarshen labarin ba, tunda bai fito ba. Mai yiwuwa kuma ya sani sarai, kunya ce ta hana shi zuwa Zungur, ita ce kuma ta sa yake karɓar rostarki yana gyaɗa kai. Ko wanne ne, kina da haƙƙin ki ji ya ce ya yi kuskure. Ban ce dole ki yafe a ranar ba, yafiya taki ce, ki bayar sanda zuciyarki ta iya. Amma shekara guda kina hukunta shi, kin ce daɗin ba ya kai ki gida. Wuni ɗaya a benci ma ba zai kai ki ba.

Abu na ƙarshe. Kin ce ya ɓuya a bayan tsohuwa. Wa ya gaya miki shi ya aiko ta? Ni na san tsofaffin cikin garin nan, ba kasafai ɗa ke aiken uwarsa a kan acaɓa cikin laka ba. Ya fi kama da ta ji abin da ɗanta ya yi, ta ga ba zai je ba, ta ɗaura zaninta ta tafi da kanta. Kafin mako biyun nan su cika, ki je Zungur ki tambayi mahaifiyarki abin da matar nan ta ce mata a wunin da suka yi tare. Shekara uku amsar tana gidanku ba ki nema ba.

A duk gidan su Ashiru, mutum ɗaya ce ta zauna a tabarmarku ta yi wa mahaifinki addu'a, kuma ita ce kika zaɓa ki ɗora a benci. Ranar da aka kawo ta, ki fita ki dubi ƙafafun nan da suka kumbura, ki tuna su ne suka taka laka har ƙofar gidanku. In bayan haka bakinki ya iya furta kalmar da kika haddace, to ba ni da abin da zan ƙara miki. Amma ban zaci 'yar ladanin nan za ta iya ba.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya ba tsohuwar lafiya, ya yi miki jagora a kan kujerar da ya ba ki. Ki gaishe mini da mahaifiyarki da Sabitu.

Gwaggonki,
Yelwa.